Ƙarancin Sinadaran Homon a Jikin Ɗan Adam da Yadda Ake Cike Gurbinsu

Gabatarwa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Yawancinmu idan aka ambaci rashin lafiya, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne wani baƙon abu ya shiga jiki, kamar sauro ya yi cizo ya bar zazzaɓi, ko a sha gurɓataccen ruwa ciki ya ɓaci. Irin wannan ciwo akan je asibiti a karɓo ƙwayoyi na kwana 3 ko 7, a shanye, a warke, a manta. To, amma akwai wani rukuni na cututtuka da asalinsu rashi ne. Wato wani abu da jiki ya saba haɗawa da kansa ya ragu, ko kuma ya ƙare ƙaf.

A wannan maƙala zan yi bayani a kan ƙarancin sinadaran da ake kira homon, da abin da ke kawo shi, da alamominsa, da kuma yadda likitoci ke magance shi. Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin harshe da aikin likita? Amsar ita ce, daga cikinmu ne za a sami masu fassara, da malamai, da ma'aikatan rediyo. Gobe wani daga cikinmu zai tsaya tsakanin likita da majiyyaci yana tafinta, kuma a irin waɗannan cututtuka kalma ɗaya da aka fassara ba daidai ba tana iya sa mutum ya ajiye maganin da rayuwarsa ta dogara a kai.

Mene ne Homon?

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke haɗawa ta zuba shi cikin jini, jini ya kai shi wata gaɓar da ke nesa, ya isar mata da umarnin abin da za ta yi. A taƙaice dai ɗan aike ne. Wasu masana biyu na ƙasar Ingila, William Bayliss da Ernest Starling, su ne suka fara gano irin wannan saƙo a shekarar 1902, yayin da suke nazarin yadda hanji ke aika wa wata gaɓa saƙo idan abinci ya iso. A 1905 Starling ya raɗa wa waɗannan sinadarai suna homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa.

Gaɓoɓin da ke haɗa homon zan kira su gidajen homon, don sauƙin fahimta. Akwai fituwitari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Akwai tayirod a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Akwai adirenal guda biyu, kowanne a saman ƙoda ɗaya. Akwai fankiriyas a bayan tumbi. Sannan akwai gidajen ƙwai na mace da 'ya'yan maraina na namiji.

Waɗannan gidaje ba sa aiki barkatai. Fituwitari shi ne kamar maigida, yana aika nasa saƙon zuwa ga tayirod da adirenal da gaɓoɓin haihuwa. Idan ya ga homon ɗinsu ya wadata a jini sai ya sassauta kira, idan kuwa ya ga ya yi ƙasa sai ya ɗaga murya. Da wannan ne likita ke gane inda matsala take. Misali, idan aka auna jini aka ga saƙon da fituwitari ke aika wa tayirod, wanda ake kira TSH, ya yi yawa, alhali homon ɗin tayirod ya yi ƙasa, to maigida na ta kira ne ba a amsa ba, laifin na tayirod ne. Idan kuwa duka biyun sun yi ƙasa, to maigidan ne ya yi shiru.

Dalilan da Ke Kawo Ƙaranci

Za a iya kasa dalilan gida huɗu. Na farko, gidan homon ɗin ya lalace, ko dai garkuwar jiki ta juyo ta yaƙe shi bisa kuskure, ko wata cuta kamar tarin fuka ta cinye shi, ko an cire shi a tiyata, ko kuma an haifi mutum ba shi da shi. Na biyu, gidan yana nan lafiya amma babu kayan aiki, kamar yadda tayirod ba ya iya komai idan babu sinadarin aidin a abinci. Na uku, fituwitari ya daina ba da umarni saboda ƙari ko rauni a ka ko zubar jini mai yawa. Na huɗu, mutum da kansa ya daɗe yana shan wani magani mai kama da homon, har gidan ya saba da hutu ya daina aiki. Yanzu bari mu ɗauki misalai ɗaya bayan ɗaya.

Insulin da Ciwon Sukari

Insulin shi ne homon ɗin da fankiriyas ke haɗawa. Aikinsa buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofa ya shiga ƙwayoyin halittar jiki ya zama ƙarfi. Ciwon sukari iri biyu ne manya. A nau'i na biyu, wanda ya kama fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, akwai insulin amma jiki ba ya jin maganarsa sosai, kuma a hankali yakan ragu. A nau'i na ɗaya kuwa, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke haɗa insulin, har ya zama babu. Alamominsa su ne yawan fitsari, da ƙishirwa marar yankewa, da rama duk da mutum na cin abinci, da kasala. Yaron da ya daina fitsarin kwance yakan koma yi. Idan ba a gane da wuri ba, sai amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama su biyo baya, daga nan sai doguwar suma.

Kafin 1922 wannan ciwo hukuncin kisa ne ga yaro. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin daga fankiriyas ɗin dabbobi a Jami'ar Toronto da ke Kanada. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar, ya farfaɗo, ya kuma ƙara rayuwa shekara 13. Shekaru da dama daga shanu da aladu ake samo insulin. Daga 1982 aka fara sayar da irin na ɗan Adam da ake haɗawa a masana'anta ta hanyar amfani da ƙananan halittu, kuma irinsa ne ya mamaye asibitoci a yau.

Insulin ba a haɗiye shi, domin ciki zai narkar da shi kamar nama. Allura ake yi a ƙarƙashin fata, sau da yawa fiye da sau ɗaya a rana, kuma mai nau'i na ɗaya zai yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa. Ana ajiye kwalbar da ba a buɗe ba a firiji, amma kada a bari ta daskare. Wadda aka buɗe takan yi kimanin mako 4 a ɗaki marar zafi sosai. Inda babu wutar lantarki, wasu kan sa ta cikin tulun ƙasa mai laima a inuwa, don sanyin tulun ya kare ta. Haka kuma dole sirinji ya dace da ƙarfin insulin ɗin, domin akwai mai lamba 40 akwai mai lamba 100, kuma haɗa sirinjin wannan da kwalbar wancan na jawo kuskure mai haɗari. Idan allura ta yi yawa ko mutum bai ci abinci ba, sukari kan faɗi, sai ka ga karkarwa da gumi da yunwa da ruɗewa. A nan sai a hanzarta ba shi sukari ko lemo mai zaƙi. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Tayirod da Maƙoƙo

Homon ɗin tayirod shi ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, kamar mai iza wuta a murhu. Idan ya yi ƙasa komai na jiki sai ya yi sanyi: kasala, yawan barci, jin sanyi alhali kowa na jin zafi, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, kumburin fuska, mantuwa, da rikicewar al'ada ga mata. Da yake alamomin a hankali suke zuwa, mutum kan yi shekaru ana ce masa malalaci, ko a ce ƙarancin jini ne ke damunsa.

A duniya baki ɗaya babban dalilin wannan ƙaranci shi ne rashin aidin. Idan aidin ya yi ƙasa, fituwitari ya yi ta kira, tayirod ya yi ta ƙoƙari har ya kumbura, wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana ƙara tsananta matsalar ga wanda da ma aidin bai ishe shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai juna biyu kuma 250. Wannan ya sa a 1993 Nijeriya ta fara shirin sanya aidin a duk gishirin abinci. Abin da ya rage mana shi ne mu sayi mai aidin, mu kuma rufe shi, domin laima da zafi na rage aidin ɗin. Dalili na biyu shi ne garkuwar jiki ta yaƙi tayirod, cutar da wani likita ɗan ƙasar Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912, kuma ta fi kama mata. Ya kamata a sani cewa akwai maƙoƙon da ke zuwa da yawan homon, saboda haka ganin kumburi kaɗai bai isa a fara shan magani ba sai an auna jini.

A 1891 wani likita a garin Newcastle na Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata allurar ruwan da ya tatso daga tayirod ɗin tumaki. Matar ta samu sauƙi, ta ci gaba da karɓar maganin, ta ƙara rayuwa shekara 28. A yau ƙwaya ɗaya ake sha a rana, mai suna lebotayiroksin. Ana shan ta da safe da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi suna hana ta shiga jiki, don haka sai a ba da tazarar kimanin awa 4 tsakaninsu. Duk lokacin da aka sauya adadi, akan sake auna jini bayan mako 6 zuwa 8. Macen da ke shan ta idan ta samu ciki ta sanar da likita nan da nan, domin buƙatarta za ta ƙaru.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ga jarirai. Kimanin jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da wannan ƙaranci, kuma ƙwaƙwalwar jariri ba ta ginuwa sai da wannan homon. Idan aka fara ba shi magani cikin makonni biyun farko, yakan tashi da basirarsa kamar kowa. Idan aka yi jinkiri na watanni, illar da ta sami ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙasashe da yawa suna ɗiga jinin diddigen kowane jariri su auna. Inda ba a yin haka, sai iyaye su lura da shawarar da ta ƙi tafiya, da yawan barci, da ƙin kama nono, da taurin bayan gida, da babban harshe, da kuka mai kaushi. Jaririn da ake yabo cewa ba ya kuka ko kaɗan, wani lokaci shi ya fi buƙatar a duba shi.

Adirenal da Kotisol

Adirenal na haɗa kotisol, homon ɗin da ke riƙe jiki a lokacin wahala kamar zazzaɓi ko rauni ko tiyata. Yana kuma haɗa wani da ke riƙe gishiri a jiki don kada bugun jini ya faɗi. A 1855 Thomas Addison, wani likita a birnin Landan, ya bayyana cutar lalacewar adirenal, shi ya sa ake kiran ta da sunansa. A zamaninsa tarin fuka ne babban dalilinta, kuma har yanzu yana cikin manyan dalilanta a ƙasashen da tarin fuka ya yawaita. Alamominta su ne gajiya mai tsanani, rama, jiri idan an miƙe tsaye, kwaɗayin gishiri, da duhun fata. Ga baƙar fata an fi ganin duhun a dasashi, da layukan tafin hannu, da tsofaffin tabo.

Ana magance ta da ƙwayar haidirokotison, galibi miligiram 15 zuwa 25 a rana ga baligi, a raba sau 2 ko 3, kaso mafi yawa da safe, domin haka jiki ke yi da kansa. Akan haɗa da wata ƙwaya mai riƙe gishiri. Idan zazzaɓi ya zo, likita kan umarci majiyyaci ya ninka adadin. Idan amai ya hana ƙwaya zama, to allura ce ta gaggawa, domin bugun jini na iya faɗuwa mutum ya rasu cikin sa'o'i. Wanda ya kiyaye waɗannan yakan yi rayuwa cikakkiya. John F. Kennedy, shugaban Amurka daga 1961 zuwa 1963, yana da wannan cuta.

Akwai wata hanyar kamuwa da wannan ƙaranci da ta fi kusa da mu. Magungunan da ake kira sitiroyid, irin su deksametason da firednisolon, 'yan'uwan kotisol ne. Wasu na saye a kemis ba da takardar likita ba don su yi ƙiba, abin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, wasu don ciwon gaɓoɓi. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi da ke ratsa fata ya shiga jini. Idan aka ɗauki makonni ana amfani da su, adirenal sai ya ga an yi masa aikinsa, ya kwanta barci. Ranar da aka daina kwatsam, jiki sai ya wayi gari ba na waje, ba na gida. Saboda haka duk wanda ya daɗe a kan irin waɗannan magunguna kada ya yanke da kansa. Ya je wurin likita a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan har adirenal ya farka.

Fituwitari: Idan Maigida Ya Yi Shiru

Lokacin goyon ciki fituwitari kan ƙara girma, ya kuma ƙara buƙatar jini. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, wani sashe nasa na iya mutuwa. Likita Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937. Alama ta farko ita ce rashin zuwan ruwan nono. Daga baya al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata ya zube, mace ta yi ta fama da kasala shekara da shekaru. Irin wannan mata akan ce jego ne bai karɓe ta ba, wasu ma su ce sammu aka yi mata. Alhali tambaya ɗaya, wato ko ta zubar da jini sosai a haihuwarta ta ƙarshe, tana iya nuna wa likita hanya. Ana cike mata duk homon ɗin da ta rasa, amma ana fara ba da na adirenal kafin na tayirod, domin juya tsarin na iya jefa ta cikin haɗari.

Fituwitari ne kuma ke haɗa homon ɗin girma. Yaron da ya rasa shi yakan kasance gajere ƙwarai a cikin sa'o'insa, amma da basirarsa daidai. Daga 1958 ana tatso wannan homon daga gawarwaki, har zuwa 1985 da aka dakatar bayan an gano yana iya ɗauko wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. A wannan shekarar aka fara amfani da na masana'anta. Shahararren ɗan ƙwallon nan na Ajantina, Lionel Messi, ya yi fama da wannan ƙaranci yana yaro, kuma da ya koma Barcelona yana ɗan shekara 13 ƙungiyar ta ɗauki nauyin allurarsa. Sai dai allurar na aiki ne kafin ƙasusuwa su rufe bayan balaga. Kuma yawancin gajerun yara gado ne ko rashin abinci mai gina jiki ya sa su haka, allurar ba tasu ba ce.

Akwai kuma basofiresin, homon ɗin da ke umartar ƙoda ta tsimin ruwa. Wanda ya rasa shi yakan yi fitsari fiye da lita 3 a rana, wani ma har fiye da lita 10, ga ƙishirwa dare da rana. Maganinsa desmofiresin, a ƙwaya ko a feshin hanci.

Homon na Mata da Maza

Yawancin mata al'adarsu kan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da homon ɗin estirojin ke raguwa. Wannan mataki ne na rayuwa, kuma ba kowace mace ke buƙatar magani ba. Amma wadda zafin jiki mai tasowa kwatsam da gumin dare da rashin barci suka dama, likita na iya ba ta ciko bayan ya auna amfani da haɗari, domin bai dace da mai tarihin kansar mama ko daskarewar jini ba. Mai mahaifa akan haɗa mata da homon na biyu don kare mahaifar. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40 kuwa, akan ba ta shawarar karɓar ciko har ta kai kimanin shekara 50, don kare ƙasusuwanta da zuciyarta.

Ga maza, ƙarancin testosteron na kawo jinkirin balaga, raunin sha'awa, raguwar ƙarfin tsoka da raunin ƙashi. Ana tabbatar da shi ne ta gwajin jinin safe, fiye da sau ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, allurar testosteron na rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi, domin fituwitari kan ga homon ya wadata ya daina kira. Don haka mai neman haihuwa da ya saye ta da kansa ya ƙara nesanta kansa da abin da yake nema.

Ƙa'idojin Cike Gurbi

Idan muka dubi misalan nan duka za mu ga ƙa'idoji uku. Ta farko, sai an auna kafin a fara, domin gajiya da rama da ƙiba alamomi ne na cututtuka barkatai. Ta biyu, ana mayar wa jiki daidai abin da ya rasa ne, ba ƙari ba ragi. Yawan lebotayiroksin na sa bugun zuciya da raunin ƙashi, yawan haidirokotison na kawo hawan jini da ciwon sukari, yawan insulin kuwa na sumar da mutum. Ta uku, jin sauƙi alama ce ta cewa cikon na aiki, gidan homon ɗin kuwa yana nan yadda yake. Akwai waɗanda ake dakatarwa, kamar allurar girma idan yaro ya gama tsawo, ko ƙarancin da sitiroyid ya jawo, amma likita ne ke yanke wannan hukunci bayan gwaji.

Aikin Ɗalibin Harshe

Ni da ban sha Hausa a nono ba, a aji da kasuwa na koye ta, na lura da cewa kalmar magani kusan kullum tare take tafiya da kalmar warkewa. Mutum ya sha magani ya warke. Idan bai warke ba, to maganin bai karɓe shi ba, sai a nemi wani. Saboda haka idan likita ya ba da lebotayiroksin, tafinta ya ce wa majiyyaciya ga maganin ciwonki, abin da za ta ji shi ne akwai ranar gamawa. Bayan wata 3 ta ji ƙarfi, sai ta ajiye. Ko kuma ta gaji da sha, wani mai tallar magani a tasha ya yi mata alkawarin warkewa gaba ɗaya cikin mako biyu. Ga mai ciwon tayirod wannan na nufin dawowar ciwo a hankali. Ga mai rashin insulin ko kotisol kuwa yana iya zama ajali cikin 'yan kwanaki.

Shawarata ita ce mu riƙa amfani da kalmar ciko. Tafinta na iya cewa: "Inna, akwai abin da jikinku ya saba haɗawa da kansa, yanzu ya daina. Wannan ƙwaya ita ce cikonsa. Kamar abinci take, wanda aka ci jiya ba ya hana yunwar yau. Ko kun ji garau, kada ku daina sai likita ya ce." Haka nan kalmar sinadari ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin da ita muke kiran kayan ɗanɗanon miya da abin da ke cikin takin zamani. Gara a ce sinadari ɗan aike, a kuma faɗi gidan da ya fito da aikin da yake yi.

Kada mu ɗauka wannan matsala ta Hausa ce kaɗai. Ƙarancin basofiresin da na ambata a baya, ɗaruruwan shekaru sunansa a harshen likitoci yana farawa da kalma ɗaya da ciwon sukari, wato dayabitis. Bambancin kawai shi ne ana kiran ɗaya mai zaƙin zuma, ɗayan kuma lami, saboda ɗanɗanon fitsarin. Wannan kamanni ya sa wasu ma'aikatan asibiti kan ɗauka ciwon sukari ne, su yi ta auna sukari su bar majiyyaci ba desmofiresin, har aka yi asarar rayuka. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni na ƙasashe daban-daban suka amince a sauya sunan zuwa wanda ke faɗin ainihin abin da aka rasa, wato ƙarancin basofiresin. Idan har likitoci sun zauna sun gyara suna don ceton rai, mu da harshe ne sana'armu mun fi cancanta mu kula da kalmomin da muke zaɓa.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi bayanin ma'anar homon da gidajensa, da dalilan da ke kawo ƙarancinsa, na kuma kawo misalai daga fankiriyas da tayirod da adirenal da fituwitari da gaɓoɓin haihuwa. Mun ga cewa cututtukan da a da suke kisa ko nakasa, yau ƙwaya ko allura na riƙe mai su ya yi karatu, ya yi aure, ya yi sana'a, muddin an gano da wuri kuma bai yanke cikon ba. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala karatu, da su shiga asibitoci su saurari yadda ake yi wa majiyyata tafinta, su tattara kalmomin da ake amfani da su, su tace su tare da ma'aikatan lafiya. Wanda kuma ya ga waɗannan alamomi a jikinsa ko a jikin wani nasa, to ya nufi asibiti a auna jini kafin ya sayi komai a kemis.